Giɓin Wata Huɗu

A ofishin rajistar haihuwa da mutuwa babu mai kiranta da sunanta. Tun daga Darakta har mai shara, kowa Anti Sanyi yake ce mata, saboda shekara ashirin da biyu ke nan tana zaune a ɗakin nan na ƙarshen baranda, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, ita kuma ba ta rabuwa da rigar sanyi ko da ana zafin da ke sa kare zazzaro harshe. A ɗakin ake ajiye manyan na'urori uku, baƙaƙe, kowacce ta kai tsayin mutum. A cikinsu sunan duk wanda aka haifa ko ya rasu a yankin yake, tun daga shekarar da aka daina dogara da takarda kaɗai.

Da buga tafireta ta fara aiki. Lokacin da aka kawo na'urorin, an turo wani masani ya zauna wata shida yana koyar da maza huɗu da aka zaɓa masa, ita kuwa nata kawai ta buga masa rahoto. Amma da yake Allah ya ba ta kunne da naci, duk abin da ya faɗa wa mazan sai ta rubuta a bayan tsofaffin ambulan. Kafin shekara biyu mazan sun watse. Biyu sun sami aikin da ya fi, ɗaya aka yi masa canjin wuri, na huɗun ya ce sanyi na tayar masa da ciwon gwiwa. Haka makulli ya faɗo hannunta, ba tare da wani ya zauna ya yanke shawarar ba ta ba.

Ta san na'urorin nan kamar yadda uwa ta san tarin 'ya'yanta. Daga bakin ƙofa take gane fankar da ta fara gajiya. Ta san batirin da ke yaudara, ya nuna a cike alhali minti goma ba zai riƙe ba. Direban ofis ma a kusurwar ɗakin yake ajiye allurarsa ta ciwon suga, don nan ne kaɗai sanyi ba ya yankewa a duk ginin.

Wata Litinin Darakta ya tara ma'aikata ya ce gwamnati ta yanke shawara, za a kwashe duk bayanan hukumar a mayar da su gajimare. Ya gabatar da wata mata siririya, mai tabarau, wadda ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, ya ce ita ce injiniyar kamfanin da aka ba aikin. Injiniya ta yi bayani a taƙaice. Ta ce gajimaren suna ne kawai, ba sama za a kai komai ba. Wasu manya-manyan gine-gine ne a wurare masu nisa, cike da na'urori dubbai, masu gadi da masu gyara ba dare ba rana, hukuma za ta kama hayar wuri a ciki. Kowane bayani za a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, ko gobara ta ci wani gini, akwai wani. Kuma makarantu da asibitoci za su riƙa tantance takardar haihuwa daga inda suke, ba sai an turo mutum ya yi layi a kantar ofis ba.

Duk ɗakin aka juya ana satar kallon Anti Sanyi, irin kallon da ake yi wa wanda aka zo rushe masa shago. Ita kuwa ta yi murmushi ta ce ai gwiwoyinta ma sun daɗe suna roƙon a fitar da su daga firiji. Aka yi dariya, taro ya tashi.

Da ta ba maigidanta labari, shi ma dariyar ya yi. Mai gyaran keken ɗinki ne, yana da ɗan shago a jikin gidansu, kuma in yana son tsokanarta ranki ya daɗe yake ce mata. Ya tambaya ko in an yi ruwan sama sunayen mutane za su riƙa zubowa a kan rufi, ya ce a gaya masa da wuri ya tara bokiti, ko ya dace da shekarun haihuwa da suka fi nasa ƙanƙanta. Ta taya shi dariya. Bai lura ba cewa ta bar abincinta ko rabi ba ta ci ba.

Ba rasa aiki take tsoro ba. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, kuma Darakta ya riga ya ce ba wanda za a sallama. Abin da ke cin ta daban ne, kuma shekara goma sha uku ke nan tana ɗauke da shi ita kaɗai.

Injiniya ta kafa teburinta a cikin ɗakin sanyin. Ba mai yawan magana ba ce, amma tana da ladabi, kuma ba ta jin kunyar tambaya. Kwana uku da zuwanta ta shigo da mayafi mai kauri, ta ce yanzu ta gane inda sunan ya samo asali. Anti Sanyi ta buɗe mata komai, har litattafan da ta riƙa rubuta kowane gyara a ciki da kwanan wata. Injiniya ta jujjuya su ta ce ta yi irin wannan aiki a hukumomi biyar, ba ta taɓa samun inda aka ajiye tarihi haka ba. Yabon ya zauna wa Anti Sanyi a ƙirji kamar dutse.

A mako na uku aka yi kwashewar gwaji, wato a kwafe komai a kai can, sannan a gwada a ga ko abin da ya isa ya yi daidai da abin da ya tashi. Ranar Talata da hantsi Injiniya ta juyo da kwamfutarta ta ce wa Anti ta zo ta ga wani abu. Ta nuna mata cewa a wata shekara, shekara goma sha uku baya, akwai haihuwa kusan dubu shida na wata huɗu a jere da ba a shigar da su a lokacinsu ba. An shigar da su daga baya ne, kaɗan-kaɗan, cikin shekara biyu, yawanci ranar Asabar ko lokacin hutun cin abinci. Duka da shaidar shiga na'ura ta kantar ofis aka yi, wadda a lokacin take da sunan Magatakarda. Sannan a cikin jerin lambobin watannin nan akwai lamba ɗari uku da goma sha biyu da babu su sam.

Ta ce ba ta son zargin kowa, amma a wuraren da ta taɓa ganin irin wannan, takardun bogi ake sayarwa. Dole ta sa shi a rahoton da za ta miƙa ranar Alhamis.

Anti Sanyi ta sake duba sunan a allo. Magatakarda shi ne dattijon da ke shugabantar kantar karɓar jama'a, mutum mai tsauri da tsabtar hannu, wanda ko biro ba ya ɗauka ya kai gida. Tare suka fara aiki. Ta ce bari ta duba tsofaffin litattafanta, ta fita, ta shiga banɗakin mata ta kulle ƙofa ta jingina da bango.

Ga abin da ya faru a waccan shekarar. Mahaifiyarta ce ta kwanta ciwon ajali, wata huɗu a asibiti, kuma ita kaɗai ce 'ya mace. Daga ofis sai asibiti, daga asibiti sai ofis. A lokacin, duk ƙarshen mako ana kwafe bayanai a kaset a ajiye saboda ko-ta-kwana, kuma ƙa'ida ce a mayar da kaset ɗin a gwada a tabbatar ya ɗauka. Gwajin na cin awa biyu. Ita kuwa awa biyun nan ita ce tsakanin ta tarar da tsohuwa a farke ko ta tarar ta yi barci. Sai ta riƙa sa kaset, ta cire, ta rubuta kwanan wata a jiki, ta jera a kabad. Ba ta san injin kwafin ya lalace tun makon farko ba.

Kwana tara da rasuwar mahaifiyar, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a lokacin wani dogon hutu, zafi ya kashe faifan da ke ɗauke da bayanan. Ta ɗauko kaset na ƙarshe, wayam. Na bayansa, wayam. Sai da ta koma goma sha bakwai baya kafin ta sami mai magana.

Daraktan wancan lokaci mutum ne da ke korar ma'aikaci a kan makarar minti goma. Tana da yara uku a makaranta, shagon maigida bai kafu ba. Da ya leƙo ya tambaya ko komai ya dawo, sai ta ji bakinta ya ce e. Daga nan kuma ba ta sami hanyar komawa ba.

Ta shiga sito ta ɗauko takardun da iyaye suka cike da hannu, kwali-kwali, ta fara sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Shaidar shiga ta kantar ofis kaɗai ke iya sa sabuwar haihuwa, kowa kuma ya san ta, don a jikin bango aka manna, sai ta yi amfani da ita ba tare da tunanin sunan wa ke kai ba. Shekara biyu tana yi. Kwali ɗaya ne ya gagare ta, na wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke bayan tashar mota. An ajiye shi a ƙasa, jikin bangon da ke tsatstsafo da ruwa, gara ta gama da shi. Da ta ɗaga sai gindin ya zube, babu abin da ya rage sai ƙasa da gutsattsarin takarda. Yara ɗari uku da goma sha biyu ke nan.

Ta gaya wa kanta cewa ai iyayensu na da takardar a hannu. Amma ta san abin da ke faruwa in ɗayansu ya zo kantar ofis neman kwafi ko tantancewa. Sai a duba a ce babu shi a na'ura, a yi masa kallon mai takardar bogi. Yanzu kuma yaran sun kai shekara goma sha uku, shekarun rajistar babbar jarrabawa. Da sabon tsarin, babu ma kantar da uba zai tsaya ya yi rantsuwa. Malamin makaranta zai danna lamba, allo ya ce babu, shi ke nan.

Da la'asar ta tarar da maigida a ƙofar shago, ya baje cikin wani keke a kan tire yana wanke ƙananan ƙarafa da kananzir. Ta jawo benci ta zauna, ko jakarta ba ta ajiye ba, ta faɗa masa komai daga farko. Bai katse ta ba. Da ta gama, ya daɗe yana goge ƙarfe ɗaya da ya riga ya bushe.

"Asabar ɗin nan da kike fita," in ji shi, "shekara biyu ina zaton zaman gidan ne ya ishe ki. Na ɗauka tun da tsohuwa ta rasu kin daina ganin kowa da gashi, har ni."

Ta ce ta ji tsoron in ta faɗa masa zai ce ta je ta faɗi gaskiya. Ya ce ƙwarai da haka zai ce, kuma da an kore ta, da sun ci tuwon wahala sun rayu kamar kowa. Sannan ya sassauta murya ya ce shi ma bai tabbata ba, baki ne kawai ba ya ciwo in ana maganar abin da ya wuce. Ya ce amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma ba za ta iya kallon dattijon nan ana tuhumarsa ba, ya san ta. Ya tambaya ko ya rufe shago gobe ya raka ta. Ta ce a'a, ba 'yar firamare ba ce. Duk da haka da safe sai ta tarar ya goge mata takalmi, abin da rabonsa da yi tun suna sababbin aure.

Ta riga Injiniya isa. Ta buɗe kabad ta fito da kaset goma sha shida ɗin nan, waɗanda ba ta taɓa iya zubarwa ba, ta jera su a kan tebur. Da Injiniya ta shigo ta ga jerin, sai ta tsaya da jakarta a kafaɗa.

"Ba Magatakarda ba ne," in ji Anti Sanyi. "Ni ce. Zauna, 'yata, in gaya miki."

Injiniya ta saurara har ƙarshe. Ba ta ce ayya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ta yi tambayoyi na aiki: wane asibiti, waɗanne watanni, ina takardun da aka sake bugawa daga cikinsu suke. Sannan ta nemi makullin sito, ta tafi ita da wani abokin aikinta, suka zaro takarda ɗari biyu daga kwalaye daban-daban suka gwada da abin da ke na'ura. Sai bayan azahar ta dawo, mayafinta duk ƙura. Ta ce cikin ɗari biyun ba ta sami ko harafi ɗaya da ya kauce ba. Ta ce ba za ta iya cire maganar daga rahoto ba, kuma ba za ta yi ƙarya a ciki ba, amma wannan ma za ta rubuta shi. Ta ƙara da cewa gara Darakta ya ji daga bakin Anti kafin ya karanta a takarda, kuma in ana so za ta shiga tare da ita.

Darakta ya sa aka kira Magatakarda, tunda sunansa na ciki. Anti Sanyi ta sake maimaita labarin karo na uku cikin kwana biyu, wannan karon a tsaye, don ta ƙi kujerar da aka nuna mata. Darakta ya riƙe kai. Ya ce shekara uku yana ofishin nan yana bugun ƙirji da ita a gaban baƙi. Amma ba maganarsa ce ta fi yi mata ciwo ba.

Magatakarda ya cire tabaransa ya ninke a hankali. Bai damu da cewa an kusa ɗora masa laifi ba, ko kaɗan bai taɓo wannan ba.

"Kin san mutum nawa na kora daga kantar nan?" ya ce. "Akwai wani mai faci da ya zo da 'yarsa sau biyu. Na ce masa ya gode Allah ban kira 'yan sanda ba. A gaban 'yarsa na faɗa. Kina ɗakin can kina ji."

Ba ta ji ba, ƙarar fanka ba ta barin a ji komai daga kantar, amma ba ta kare kanta ba. Ta ce ya yafe mata. Ya mayar da tabaransa, ya nemi izinin Darakta, ya fita.

Kwamitin ladabtarwa ya zauna bayan mako biyu. Wasu suka ce a sallame ta don ya zama darasi. Wasu suka ce wanda ya yi shekara biyu yana gyara ɓarna ba tare da an sa shi ba, ba irin wanda ake kora ba ne. Rahoton Injiniya ya taimaka, domin ta rubuta ƙarara cewa tsarin da ya ɗora duk ajiyar hukuma a wuyan mutum ɗaya, ba mataimaki, ba mai duba aikinsa, ko wa aka sa a wurin wata rana sai ya faɗi. A ƙarshe aka ba ta takardar gargaɗi mai tsanani, aka soke ƙarin girman da take jira, wanda da shi za ta yi ritaya. Ta karɓa da hannu biyu. A baranda wasu suka daina gaishe ta da fara'ar da, wasu kuma suka ƙara. Direba ne kaɗai ya ce mata ƙiri-ƙiri shi bai ga wanda uwarsa za ta kwanta asibiti ya tuna da kaset ba.

Ba a dakatar da ƙaurar ba. Abin da Injiniya ta yi shi ne ta bar gurbin lambobin nan a buɗe a sabon tsarin, ta kuma sa duk wanda ya danna ɗaya daga cikinsu, maimakon allo ya ce babu, sai ya ce takardar na jiran tabbatarwa, a tuntuɓi ofis. Darakta kuma ya ce a nemo yaran, ya ɗora aikin a kan mutum biyu da suka fi kowa sanin zancen, Anti Sanyi da Magatakarda.

Tafiyarsu ta farko zuwa asibitin bayan tasha, ba wanda ya ce wa wani uffan a mota. Direba ya kunna rediyo, ya kashe, ya sake kunnawa. A asibitin aka ce tsofaffin kundayen ɗakin haihuwa suna wani ɗaki da ake tara karyayyun gadaje. Suka kwashe rabin yini suna janye ƙarafa. Magatakarda, da ciwon bayansa, shi ya durƙusa ya jawo kundin daga ƙarƙashin wata katifa. Rubutun ciki kamar tafiyar kaza, ba mai iya karantawa. Aka ce unguwarzomar da ta rubuta ta yi ritaya, amma tana nan da ranta, tana zaune wurin ɗanta.

Tsohuwar ta karɓe su a tsakar gida, ta sa aka kawo mata tabarau biyu ta ɗora ɗaya kan ɗaya. Kwana huɗu suna zuwa. Tana karantawa, Magatakarda na maimaitawa, Anti na bugawa. Ba ta wuce layi sai ta ba da labarinsa: wannan a bakin ƙofa ta haihu, wannan tagwaye ne mijin ya suma, wannan ta cije ta a hannu ga tabon nan. A rana ta uku tsohuwar ta dubi su biyun ta tambaya ko mata da miji ne, don ta ga ba sa magana da juna. Magatakarda ya yi dariyar da ta ƙwace masa. A hanyar komawa ya miƙa wa Anti ruwan gora ba tare da ya dube ta ba. Ta karɓa ta sha.

Kundin na da sunan uwa da rana da jinsi, amma babu sunan yaro. Don haka aka ba da sanarwa a rediyo, aka aika wa makarantu takarda, aka ce duk wanda aka haifa a asibitin nan cikin watannin nan ya zo da takardarsa. Aka kafa musu tebur na musamman a gefen kanta. Makon farko mutum goma sha ɗaya suka zo, mako na biyu layi har waje. Mai facin nan ya zo a mako na uku, da 'yarsa doguwa cikin kayan makaranta, ya tsaya nesa-nesa yana riƙe da takardar da ta sha ninki har ta fara rabewa. Magatakarda ya gane shi tun daga ƙofa. Ya miƙe, ya zagayo tebur, ya ba shi hannu a gaban kowa, ya ce takardarsa gaskiya ce tun farko, ofis ne ya yi kuskure, shi kuma ya yi masa rashin mutunci. Mutumin sai faɗi yake ba komai, ba komai. Yarinyar kuwa sai da ta tsaya ta karanta sabuwar takardar tun daga sama har ƙasa kafin ta yarda suka tafi.

Ranar da aka kashe na'urorin wata Asabar ce da safe. An riga an yi mako biyu ana aiki daga gajimare ba tare da tangarɗa ba. Injiniya ta ce Anti ce za ta danna. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, fankokin suka yi ta rage gudu har suka tsaya, sai ga shi ana jin kukan tsuntsaye da hon ɗin motoci daga titi, a ɗakin da ba a taɓa jin su ba. Ta zaci za ta yi kuka, sai ta ji yunwa kawai take ji. Aka mayar da ita bene na biyu, kusa da taga. A sabon tsarin ma akwai gwajin dawo da ajiya duk wata, mutum biyu ke yi su sa hannu tare, kuma Injiniya ta nace kafin ta tafi cewa Anti ta zama ɗaya daga cikinsu.

Kafin rufe rajistar jarrabawa an sami yara ɗari biyu da tamanin da ɗaya. Saura suka riƙa zuwa jefi-jefi, wani daga wani gari, wani sai da makaranta ta turo shi. Aka ɗauke teburin gefen kanta, aka ce duk wanda ya zo a hau da shi wurin Anti.

Wata Laraba, ana shirin tashi, aka hawo da wata mata. Ta kai shekara arba'in, da kwandon kasuwa a hannu, ita kaɗai. Ta ce ta ji sanarwar tun watannin baya, ta yi ta cewa za ta zo ba ta zo ba. Ta ba da sunanta, Anti ta duba ta same shi a kundin unguwarzoma: namiji, da safe. Ta tambaye ta takardar yaron da makarantar da yake. Matar ta ce takardar ta ɓace a wata ƙaura da suka yi. Yaron kuma ba ya makaranta, ya rasu yana da shekara huɗu, zazzaɓi ne na kwana uku.

"Na san ba abin da za a yi da ita," ta ce. "Na ji dai an ce ana neman su, shi ne na ce kada a yi ta nemansa."

Anti Sanyi ta jawo mata kujera. Ta tambayi sunan yaron, matar ta faɗa, ta buga, ta juya mata allon ta ga ko haka ake rubutawa. Ta cike gurbin haihuwar, sannan ta buɗe ɗaya shafin ta tambayi ranar rasuwar, matar ta faɗa ba tare da ta tsaya tunani ba. Da aka gama Anti ta ce akwai takarda biyu, ko tana son duka. Matar ta ce ta haihuwar kaɗai za a ba ta.

Injin buga takarda na ƙasa, ma'aikatan kanta kuma sun fara rufe tagogi. Anti ta sauka da kanta, ta tarar da Magatakarda ya riga ya sa hatimi a aljihun tebur ya kulle. Ta gaya masa ko ta wace ce. Ya zaro makulli ya sake buɗewa, ya buga hatimin, ya hura ya bushe, ya nemo ambulan sabo ya sa a ciki. Matar ta karɓa, ta ɗaga kayan miyan da ke kwandonta ta shimfiɗa ambulan ɗin a ƙasa inda ba zai lanƙwashe ba, ta yi musu godiya, ta tambayi inda ake hawa motar da ke zuwa tasha. Magatakarda ya ce hanyarsa ce, ya ɗauki hularsa suka fita tare.